Rajistar Matafiyi a Hanyar Uba, daga Zamanin Ayari zuwa Mota Mai Lantarki

Garin Uba yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yola ta bi ta Gombi da Hong, ta bar reshen Mubi a Mararraba, sannan ta miƙe arewa ta Michika da Madagali da Gwoza da Bama har Maiduguri, duwatsun Mandara suna gabas da ita a mafi yawan tsawonta. Iyakar jihohi biyu ta ratsa garin, ta yadda wani sashe yake ƙarƙashin ƙaramar hukumar Hong ta jihar Adamawa, wani kuma ƙarƙashin Askira/Uba ta jihar Borno, kuma mutum yana iya barin wata jiha ya shiga wata ba tare da ya fita daga cikin gari ba. Wurin da yake bakin hanya kuma bakin iyaka ba ya rabuwa da masu son sanin wanda ya shigo da wanda ya fita, da abin da ya ɗauko, da inda ya nufa, saboda haka tarihin sufuri a wannan yanki yana tafe kafaɗa da kafaɗa da tarihin rubuta sunan matafiyi. Motar zamani mai amfani da lantarki, wadda ake ƙera ta da layin sadarwa a jikinta domin ta riƙa aika rahoto ga kamfanin da ya yi ta, ita ce babi na baya-bayan nan a wannan tarihi, kuma ba za a gane abin da ta sauya ba sai an san yadda ake tattara labarin matafiyi kafin zuwanta.

A ƙarni na 19 Uba tana cikin garuruwan Fombina, wato masarautar da Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, wadda daga baya aka fi saninta da Adamawa. Tana can gefen arewa na masarautar, a tsakiyar ƙasar Margi, inda ikon Yola yake ƙarewa kuma tasirin Borno yake farawa. Fataken da ke bin wannan hanya suna tafiya ne cikin ayari ƙarƙashin madugu, wanda shi ke magana da sarakuna a madadin kowa, yana biyan kuɗin fito a mashigar kogi da gaisuwar sarki a kowane zango. Baƙon da ya sauka a gari yana da mai masauki, kuma mai masaukin ne ke kai labarinsa fada, ya faɗi daga inda ya fito da abin da ya kawo shi. Wannan tsari tattara bayanai ne sosai, sai dai yana da siffofi da ya kamata a riƙe a zuciya: matafiyi yana ganin mai tambayarsa ido da ido, tambayar tana faruwa ne a ƙofar gari ko a zaure, kuma abin da aka ji yana zama a ƙwaƙwalwar mutane, yana dusashewa da mutuwarsu. Tsakanin zango da zango, babu wanda ya san abin da bafatake ya yi face abokan tafiyarsa.

Zauren da ake tsayar da baƙo a cikinsa yana nuna yadda al'ummar Musulmi ta wannan ƙasa ta shata iyakar abin da ake iya sani game da mutum. Baƙo yana yin sallama ya jira, ba ya wuce zaure sai da izini, kuma malamai sun karantar da cewa Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Sarki yana da haƙƙin sanin wanda ya kwana a garinsa, amma wannan haƙƙi yana tsayawa a bakin ƙofar cikin gida.

Mutum na farko da ya mayar da hanyar Uba rubutaccen bayani da ya fita duniya shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ke tafiya da kuɗin gwamnatin Ingila, wanda aka sani da Abdulkarim. A ƙarshen watan Mayu na 1851 ya taso daga Kukawa ya ratsa ƙasar Margi, ya bi ta Uba da Mubi, ya haye Binuwai, ya isa Yola, inda Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, domin ya zo da rakiyar mutanen Shehun Borno da wasiƙar da ta taɓo rikicin iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Lamiɗo ya iya mayar da baƙon, amma littafin da ke cikin kayansa ya riga ya cika da sunayen garuruwa da nisan zango da yanayin koguna da ƙarfin sarakuna. An buga labarin tafiyar cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858, kuma taswirar da aka zana daga gare shi ta zama jagora ga Turawan da suka biyo baya. Barth malami ne mai neman sani, kuma masana tarihin Afirka suna cin moriyar aikinsa har yau, amma bayanin da ya tara don ilimi ya yi wa masu rabon ƙasa aiki bayan shekaru 40 ba tare da an nemi yardar kowa a Uba ba.

Rabon ya zo da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893, sannan da yaƙi, inda Turawan Ingila suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Jamusawa kuma suka mamaye gabashin masarautar. Hukumar shata iyaka daga Yola zuwa tafkin Chadi ta yi aikinta a 1903 da 1904, ta bar Mubi da Michika da Madagali a hannun Jamus, ta mai da yankin Uba bakin iyakar daulolin Turai biyu. Da mulkin mallaka ya zauna, sai ƙidaya ta zama ginshiƙinsa, domin dokar kuɗin shiga ta 1906 ta tattara tsofaffin haraji iri-iri ta ɗora su a kan kimantawa, wato a ƙirga magidanta da gonaki da sana'o'i a yanka wa kowane gari abin da zai biya. Hakimi da lawani da jauro da bulama suka zama matakalar da bayani ke hawa ta kanta zuwa ofishin Di'o da Razdan, malamin haraji kuma yana zagaye da littafinsa yana rubuta sunan duk namijin da ya balaga. Rasit ɗin haraji ya zama takardar shaida ta farko da talaka ya sani, wadda matafiyi ke naɗewa a cikin hula ko laya, saboda ɗan doka yana iya tare shi a kasuwa ya nemi ganinta.

A kan jangali, wato harajin da ake biya a kan kowace saniya, aka fi ganin yadda wanda ake ƙirgawa yake kare kansa. Ana yin ƙidayar da damina, lokacin da garke ke zaune wuri ɗaya, kuma malamin jangali yana isa ruga tare da dogarai da ardo, su tsaya a bakin shinge da sassafe kafin a saki shanu, yana ƙirgawa yana rubutawa. Makiyayin da ya ji ƙishin-ƙishin zuwansu yakan raba garken tun da dare, ya tura yara da wani kaso cikin kwari ko bayan dutse, wanda ke kusa da iyaka kuma yakan tsallaka da dabbobinsa ɗaya ɓangaren har a rufe littafi. Rahotannin jami'an mulkin mallaka cike suke da ƙorafi a kan wannan ɓoyo, kuma shi kansa ɓoyon shaida ne cewa ƙidayar tana da lokaci da wuri da fuska, don haka ana iya kauce mata, ana iya ciniki da mai yinta, ana iya kai ƙararsa idan ya ƙara lamba. Zaluncin haraji da jangali ya zama babban batun siyasar Arewa, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Mutane sun iya yaƙar wannan tsari ne domin sun san abin da ake rubutawa a kansu da wanda ke rubutawa.

Akwai wani littafi daga wannan hanya da ya cancanci a tsaya a kansa. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya riƙa sa malaminsa yana rubuta masa al'amuran yau da kullum da Larabci daga 1912 zuwa 1927, inda ya je da wanda ya zo masa da abin da ya saya da abin da ya bayar, har da hare-haren da mutanensa suka kai wa mazauna duwatsu da adadin bayin da aka kamo. Ya yi rubutun ne don amfanin kansa, a zamanin da Jamusawa ke mulki, ya ci gaba da shi bayan sun tafi. Da Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927, littafin ya faɗa hannunsu, aka fassara shi zuwa Ingilishi, kuma a 1995 James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga shi ga duniya. A wannan karon rubutun ya yi wa gaskiya aiki, domin ya tabbatar da abin da mazauna duwatsun Sukur da maƙwabtansu suka daɗe suna faɗa game da abin da aka yi wa kakanninsu, kuma ba wanda zai so a ce ya ɓata. Amma ya nuna wata ɗabi'a ta rubutaccen bayani da ba ta zaɓar mai laifi ko marar laifi: rajistar motsin mutum ta kowace rana tana daɗewa fiye da dalilin da ya sa aka fara ta, tana sauya hannu idan mulki ya sauya, kuma sabon mai riƙe da ita yana karanta ta da tasa manufar.

Mulki kuwa ya yi ta sauyawa a nan fiye da yawancin wurare. Bayan yaƙin duniya na farko yankin Mubi ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙo, daga 1946 kuma ya zama ƙasar amana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na 1959, mutane suka zaɓi a ɗage hukunci, aka sake yi a watan Fabrairu na 1961, inda ƙuri'u 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, kuma a ranar 1 ga Yuni na wannan shekara yankin ya shiga Najeriya, aka kira shi lardin Sardauna. A ƙuri'ar 1961 an yi wa mata rajista sun jefa ƙuri'a, shekaru masu yawa kafin matan sauran Arewacin Najeriya su sami wannan dama, abin da ke tunatar da cewa shiga littafin hukuma yana iya zama haƙƙin da ake nema, ba kullum yake zama tarko ba. Daga nan aka yi jihar Arewa maso Gabas a 1967, Borno da Gongola a 1976, Adamawa a 1991, kuma kowane sauyi ya gaji takardun wanda ya gabace shi.

Ita mota da kanta ta shigo da sababbin littattafai. Lambar mota da lasisin direba sun haɗa abin hawa da sunan mutum, ƙungiyar direbobi ta ƙasa da aka kafa a 1978 ta riƙe tashoshi, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ta ƙarfafa a riƙa rubuta sunayen fasinjoji kafin mota ta tashi. Duk wanda ya hau motar haya mai dogon zango ya san wannan takarda, wadda ɗan kamasho ke miƙowa ta taga tare da biro, tana zagayawa daga kujera zuwa kujera, kowa ya rubuta suna da lambar waya da lambar wani ɗan'uwa da za a kira idan ƙaddara ta faɗa, wanda bai iya rubutu ba maƙwabcinsa ya rubuta masa. Manufarta mai kyau ce kuma kowa ya fahimce ta. Fasinja yana ganin abin da ake tambaya, yana iya taƙaitawa, kuma takardar tana ƙarewa a cikin durowar ofishin tasha.

Babban sauyi ya fara da wayar salula a watan Agusta na 2001, domin ita ce na'ura ta farko da ke sanar da inda mai ita yake ba tare da ya buɗe baki ba, tun da dole ne ta riƙa magana da turken sadarwa mafi kusa kafin kira ya shigo. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa, a 2014 aka ƙaddamar da lambar tantance masu ajiya a banki, a watan Disamba na 2020 kuma aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, har aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira a watan Afrilu na 2022. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu na tsawon shekaru 2, su miƙa wa jami'an tsaro idan an nema bisa ƙa'ida. Mutanen Uba sun ga ƙarfin wannan hanyar sadarwa ta fuska mafi tsanani. A watan Mayu na 2013, bayan shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya a jihohin uku don hana mayaƙan Boko Haram shirya hare-hare, aka maido da su a Adamawa a watan Yuli, a Borno kuma sai a watan Disamba. A ƙarshen Oktoba na 2014 mayaƙan suka bi wannan hanya suka mamaye Uba da Mubi, kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato Mubi a watan Nuwamba. Tun daga lokacin shingayen bincike suka zama ɓangaren tafiya, inda ake sauke fasinja a nemi katin shaida, kuma al'ummar da ta ga abin da rashin tsaro ke jawowa ta karɓi wannan da haƙuri. Wanda zai yi wa mutanen wannan yanki maganar sirri dole ya fara da amincewa cewa sun biya farashi mai tsada kafin su yarda a riƙa tambayarsu.

A kan wannan shimfiɗa ce mota mai lantarki take isowa, kuma ta fi kusantar Uba ta ɓangaren Maiduguri. A can Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables suka yi suna wajen cire injin mai daga ƙananan bas da Keke Napep suna sa musu batir da ake cajinsa da hasken rana, kuma a watan Disamba na 2023 shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya 107 na gwamnatin Borno, waɗanda suka haɗa da tasi masu lantarki, bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na wannan shekara ya ninka kuɗin sufuri. Tun kafin nan, hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ta gabatar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, ta kuma buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Irin wannan mota ba ta zama abin hawan yau da kullum a tsakanin Mubi da Michika ba, inda tireloli masu ɗaukar shanu daga kasuwar Mubi da tsofaffin bas da a-kori-kura suka cika hanya, amma tsadar mai tana tura masu sufuri zuwa gare ta, kuma lokacin da ya dace a fahimci abin da take ɗauke da shi shi ne kafin ta yawaita.

Abin da ake nufi da mota mai haɗi da intanet shi ne motar da aka dasa wa layin waya nata na kanta, da na'urar gano wuri ta tauraron ɗan'adam, da kwamfuta mai karɓar rahoto daga sassan jikinta. Dabarar ta girmi motar lantarki, domin kamfanin General Motors ya fara tsarinsa na OnStar a 1996, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa sababbin samfuran motoci na'urar kiran agaji ta kai tsaye daga 2018. Sai dai motar lantarki ta fi dogaro da wannan haɗi, saboda batir shi ne sashe mafi tsada a jikinta kuma kamfani yana bibiyar zafinsa da lafiyarsa, saboda ana sabunta manhajarta, wato umarnin da ke tafiyar da kwamfutarta, daga nesa, kuma saboda caji a tashar kuɗi yakan bi ta asusun da ke ɗauke da sunan mai mota da lokaci da wuri. Abin da ke taruwa ya haɗa da kowace tafiya da kowace tsayawa, da gudun mota da yadda direba ke taka birki, da lambobin da ke cikin wayar da aka haɗa da ita, a wasu motocin har da hotunan kyamarorin ciki da waje. Jerin wuraren da mota ke tsayawa na wata guda ya isa ya bayyana gidan mai ita da masallacinsa ko cocinsa, da asibitin da yake zuwa, da gidan da yake kwana a kowane dare, wato dai abubuwan da ke bayan zaure.

Abin da ya faru a ƙasashen da waɗannan motoci suka yawaita yana rubuce. A watan Satumba na 2023 gidauniyar Mozilla ta duba ƙa'idojin sirri na kamfanonin mota 25, ta sami dukkansu suna tattara fiye da abin da tuƙi ke buƙata, kashi 84 cikin 100 kuma sun ba kansu damar raba bayanan da wasu. A watan Afrilu na 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa wasu ma'aikatan Tesla sun riƙa yaɗa wa junansu hotuna da bidiyon da kyamarorin motocin abokan ciniki suka ɗauka. A 2024 jaridar New York Times ta bayyana cewa General Motors yana miƙa bayanan tuƙin mutane ga dillalan bayanai da ke sayar wa kamfanonin inshora, har wasu direbobi suka ga an ƙara musu kuɗi ba su san dalili ba, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sanar da matakin hana kamfanin wannan ciniki na shekaru 5. A watan Disamba na 2024 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta ruwaito cewa bayanan motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen sun zauna a rumbun intanet ba tare da kariya ba, da yawansu ɗauke da ainihin wuraren da aka ajiye motocin. Su kansu manyan ƙasashe suna kallon lamarin a matsayin batun tsaro: tun a 2018 aka ruwaito cewa Sin ta wajabta wa masu ƙera motocin lantarki su riƙa aika bayanai kai tsaye ga cibiyoyin sa ido da gwamnati ke mara wa baya, a 2021 ta taƙaita shigar motocin Tesla harabobin soja, Amurka kuma a farkon 2025 ta fitar da ƙa'idar hana manhajar Sin da Rasha a motoci masu haɗi da intanet.

Idan aka auna wannan da tarihin hanyar Uba, bambancin yana fitowa fili. Mai masauki da malamin jangali da ɗan kamasho da sojan shinge duk suna tsaye ne a wuri ɗaya, matafiyi yana zuwa gare su yana wucewa, kuma littafinsu yana ajiye a fada ko En'e ko tasha ko bariki, inda mai ƙorafi zai iya takawa da ƙafarsa. Motar zamani ta shigar da marubucin cikin abin hawa, yana rubutu dare da rana, littafinsa kuma yana wata nahiya, cikin harshe da sharuɗɗan da mai mota ya amince da su ta hanyar danna allo sau ɗaya. Fasinjan da ya shiga motar haya, wanda kyamara ke gani kuma makirufo ke iya ji, ko wannan dannawar bai yi ba. A yankin da satar mota da garkuwa da mutane suka zama abin tsoro, bayanin da ke nuna ranar da ɗan kasuwar shanu ke barin gida da hanyar da yake bi da wurin da yake tsayawa sallah yana da amfani ga mai ceto idan an sace motar, yana kuma da amfani iri ɗaya ga ɓarawo idan rumbun ya yoye ko wani ma'aikaci ya sayar da shi. Masu ba da Keke Napep bashi a biranen Arewa sun riga sun saba da ƙaramin samfurin wannan iko, domin da yawansu suna ɗaura na'urar bibiya da ke nuna inda keken yake, wadda ke iya kashe injin daga nesa idan direba ya yi jinkirin biya.

Doka ta fara motsi. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da tabbacin sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman. Dokar ta ba mutum haƙƙin a sanar da shi abin da ake tattarawa da dalili, ya nemi kwafi, ya nemi a gyara ko a goge, ya kuma janye yardarsa, ta wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan bayanai sun yoye ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje, kuma ta shafi kamfanin da ba ya zaune a Najeriya muddin yana sarrafa bayanan mutanen da ke cikinta. Tarar dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta a watan Yuli na 2024 ta nuna cewa hukumomin ƙasar suna iya tunkarar babban kamfanin waje.

Sai dai dokar an gina ta ne a kan zaton cewa akwai alaƙa tsakanin mai bayani da mai riƙe da shi, alhali yawancin motocin da ke isa Mubi da Uba 'yan Kwatano ne, waɗanda wani ya fara hawa a Turai ko Amurka kafin su bi ta hannun dillalai da dama. Irin wannan mota tana iya zuwa da adireshi da lambobin wayar mai ita na farko a ƙwaƙwalwarta, asusunta na kamfani yana iya kasancewa da sunansa har yanzu, kuma sabon mai ita ba ya cikin littafin kamfanin a matsayin abokin ciniki, balle ya rubuta ya nemi a goge masa wani abu. Aikin ƙera motoci na Maiduguri ya nuna cewa batir da injin lantarki ba sa buƙatar layin waya kafin su juya taya, saboda haka haɗa mota da rumbun kamfani zaɓi ne na mai ƙira, wanda gwamnatin jiha ko ƙungiyar direbobi da ke sayen motoci da yawa a lokaci guda take da ƙarfin tambaya a kansa kafin ta sa hannu: me motar ke aikawa, ina yake sauka, har tsawon wane lokaci, kuma wa ke iya kashe layin. Mai sayen mota guda ɗaya a hannun dillali ba shi da wannan ƙarfi, kuma a halin da ake ciki wanda zai iya duba masa ko tsohon asusun yana nan a buɗe, ya share abin da ke ƙwaƙwalwar motar, ko ya cire na'urar aikawa ba tare da ya lalata wani sashe ba, shi ne bakaniken lantarki na garejin Mubi, wanda sana'arsa ta taso a kan waya da fis da batirin tayar da inji, kuma sai an koya masa karanta kwamfutar mota kafin ya iya wannan aiki.